Ƙaro da Bugun Yadi: Nasihar Kawu daga Zermu

Ɗana, mahaifiyarka ta isar mini da saƙonka. Ta ce ka gama karatun kimiyya a jami'ar Damagaram, ba ka son zaman jiran aikin gwamnati, kana so ka kama shago a Sabon Gari ka riƙa buga launi a jikin yadi: kallabi, labule, zanen gado, rigunan 'yan makaranta. Ta ce abin da ya tsaya maka a rai shi ne garin nan da ake kaɗa launi da shi don ya yi kauri, wanda sai an aika Kano ko Kwatano ake samu, ga tsada. Wai kana tambaya ko ƙaron dajinmu zai iya maye gurbinsa. Na ji daɗin tambayar, domin ta mai tunani ce. Amsar ita ce ƙaronmu zai yi maka wani aiki, wani kuma ba zai yi ba, kuma duk wanda bai rarrabe tsakanin biyun ba, jarinsa a cikin bahon wanki zai ƙare. To gyara zama in warware maka.

Mu fara da abin da ka sani tun kana makarantar allo. Ka tuna yadda malaminku yake haɗa tawada. Ya daka gawayi ya yi laushi, ya tankaɗe, ya jiƙa 'yan ƙwayoyin ƙaro a ƙoƙo su kwana, da safe ya tace ya haɗa. Sai ya tsoma alƙalamin kara, ya ja layi ɗaya a gefen allo, ya karkata shi wajen haske. In layin ya yi naso, baƙi ya shiga cikin ɗan'uwansa, ƙaro ya yi kaɗan. In ya bushe yana ƙyalli yana ɓamɓarewa da farce, ƙaro ya yi yawa. In ya zauna daram inda aka aje shi, tawada ta yi. Ranar da almajiri ya iya karatunsa, a zuba ruwa, allo ya fita tas.

Abin da manyan masaƙun duniya ke nema wajen abin kauri ke nan. Auduga mashayiyar ruwa ce, in ka ɗiga mata ruwan rini sai ya bi zare ya bazu, fure ya koma tabo. Don haka ake kaɗa launin ya zama ƙullu. Ana son ƙullun ya riƙe launi a inda aka buga shi, ya sake shi ya shiga cikin zare idan aka turara yadin, sannan ya fita a wanki ya bar yadi da laushinsa. Bambancinsa da allo ɗaya ne: a allo tawada da ƙaro tare suke tafiya, a yadi launi zama zai yi, ƙaro ne zai tafi. Ka riƙe waɗannan sharuɗɗa uku, da su za ka auna duk garin da aka kawo maka, na gida ko na waje.

Kada ka raina ƙaro don ka ga yara suna tsinkarsa suna tauna a hanyar kiwo. An yi yaƙi a kansa. A ƙarni na 18, masu buga yadin auduga a Ingila da Faransa ba su da abin kauri da ya kai ƙaron da ake saye a bakin kogin Senegal, domin shi ke fitar da gefen fure sarai. Mutanen Trarza da Brakna, a Muritaniya ta yau, su ke kawo shi bakin ruwa, bayinsu ne ke tsinko shi a daji, kuma akasarin abin da ake biyansu da shi turamen baƙin yadi ne rinin baba da ake ɗauko wa daga Indiya. A 1758 Ingila ta aika jiragen yaƙi ta ƙwace garin Saint-Louis daga hannun Faransa, ƙaro na cikin manyan dalilanta, sai a 1779 Faransa ta karɓe abinta. Ka lura da yadda cinikin yake tun a lokacin: ƙaro ya fita ɗanye a buhu, yadi ya dawo rinanne a turmi, riba tana wajen mai gyara, wahala tana wajen mai tsinka.

Mu ma nan Damagaram muna da rabonmu a wannan hali. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, ya bar ta a farkon 1853. Abin da ya gani shi ne gari mai ƙarfin ciniki, amma in ka cire ɗan rinin baba, masana'antu kaɗan ne. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwa kuma ya rasu a 1884, ayarin Tarabulus da na Agadas suna sauka a Zango, turkudin Kura da aka rina aka buga a ƙasar Kano yana ratsa mu zuwa wajen Buzaye. Dukawanmu da majemanmu sun yi suna, ba mai musun wannan, amma a harkar yadi mun fi zama masu miƙawa. Bayan samun 'yancin kai, ƙaron Gure da Gudumariya da Maine Sorowa yana cikin kayan da Nijar ke fitarwa waje, kamfanin Copro-Niger ne ke saye. Farin 1973 da na 1984 suka kashe dakwara, itacen da ke ba da ƙaron, mai yawa, gatari da awaki suka ƙarasa wata, abin da ya rage yawanci ya koma bin kasuwannin bakin iyaka zuwa Najeriya. A Yamai kuwa masaƙar SONITEXTIL, wadda ta koma ENITEX daga baya, ta yi zamaninta tana buga atamfa, kamar yadda Kaduna ta yi nata tun daga masaƙar farko a 1957. Yau ka shiga kasuwar Dole ko Kantin Kwari ka duba gefen turame, ka ga nawa ne aka buga a ƙasashenmu.

To me ya sa masaƙu suka juya wa ƙaro baya? Dalilai uku ne, kuma kowanne ya shafi aljihunka.

Na farko yawan da ake buƙata. Ƙaron dakwara yana narkewa a ruwa sosai, amma ba ya saurin yin kauri. Kafin ya kai ƙullun da za a buga da shi, sai ka sa kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Akwai wani wake da ake nomawa a Rajasthan ta Indiya, ƙasar rairayi da gero irin tamu, sunansa guwar, kuma Indiya ce ke noma wajen kashi 80 cikin 100 na wanda ake samu a duniya. Garin ƙwayarsa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ya isa ya ɗaure ruwa. Yi lissafi da kanka. Ƙullu kilo 10 zai ci maka ƙaro kilo 4 zuwa 5, guwar kuwa giram 200 ya wadatar. Dakwara ɗaya a shekara, in an daidaita mai yawa da mai kaɗan, wajen giram 250 take bayarwa. Wato bokiti ɗaya na ƙullu ya lashe amfanin itatuwa kusan 20.

Na biyu, ƙaro ya sami masu saye da suka fi masaƙa kuɗi. Kamfanonin lemon kwalba da alewa da magunguna ba su da kamarsa, shi ne abin da za ka ga an rubuta E414 a jikin kwali. Da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, sai da ta bar ƙofa a buɗe saboda ƙaro. Sudan ce ke da mafi yawansa a duniya, Chadi da Najeriya na biye, amma Faransa ce kan gaba wajen sayar da gyararre. A can ake narkar da shi, a tace, a kashe ƙwayoyin cuta, a busar da shi ya koma farin gari. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, masu saye suke ta waige-waige. Abin da ake nema haka a kasuwar abinci, asara ce ka zuba shi a yadi ka wanke.

Na uku, launin kansa ya canza. A 1956 kamfanin ICI na Ingila ya fito da wani irin rini mai suna Procion, wanda ba kwanciya yake yi a kan auduga ba, haɗewa yake yi da ita su zama jiki ɗaya idan ya sami soda da zafi. Shi ya sa launinsa ke da haske kuma yake jure wanki, kuma irinsa ne akasari ake buga auduga mai kyau da shi a yau. Matsalar ita ce sitaci da guwar da garin ƙwallon tsamiya da ƙaro duk dangin auduga ne a ƙirarsu, sarƙoƙin sukari ne. Rinin bai san bambanci ba, sai ya kama abin kaurin kamar yadda zai kama zare. Sakamakon haka launi ya fito a kwance, yadi ya yi tauri, wanki ya kasa fitar da danƙon. Abin da ya tsira daga wannan shi ne aljinet, wanda ake cirowa daga ciyawar teku, domin a jikinsa akwai wani caji da ke ture rinin. Shi ne garin nan mai tsada da ake aiko maka.

Daga nan gyaran ƙaro ya zama sana'a mai zaman kanta. Tun farkon ƙarni na 19 masu buga yadi a Ingila suka gane cewa in an gasa busasshen sitaci har ya yi ja-ja, yakan narke a ruwa ya yi danƙo mai kama da na ƙaro, suka sa masa suna ƙaron Birtaniya. Danƙon kukuki, wanda ba ya narkewa sai kumbura, dafa shi ake yi a rufaffiyar tukunya mai matsin tururi, a tace, sannan ya yi aiki. Gyaran da ya fi yawa a zamanin nan shi ne wanda ku masu kimiyya kuke kira karboksimetil: a jiƙa garin guwar ko na tsamiya ko sitaci da soda mai ƙuna, a haɗa shi da sinadarin monokuloro-asetik a zafi ƙayyadadde, a wanke, a busar, a niƙa. Abin da aka yi shi ne an maƙala wa garin irin cajin da aljinet ke da shi. Gyararren gari yana narkewa a ruwan sanyi, ba ya barin tsaki da zai toshe rariyar bugu, yana jure soda, yana daɗewa bai yi tsami ba, kuma yana fita a wanki cikin sauƙi. Kuɗin da kake biya na wannan gyaran ne, ba na itacen ba.

A nan zan ja maka kunne, domin na san zafin ƙuruciya da na sabon ilimi. Kada ka ce za ka yi wannan haɗin a bayan shago ko a tsakar gidan mahaifiyarka. Sinadarin monokuloro-asetik yana ratsa fata, kuma ko ɗan yanki na jiki ya zuba wa yana iya kashe mutum. Soda mai ƙuna tana makantarwa. Aikin ɗakin gwaji ne mai kayan kariya da mai kula. In kana da sha'awarsa, koma wajen malamanka na jami'a, ku ɗauki ƙwallon tsamiyarmu da 'ya'yan tafasarmu ku yi bincike a inda ya dace. Wannan hanya ce mai kyau, amma doguwa ce, kuma ba ita za ta biya maka kuɗin hayar shago a bana ba.

Ga inda za ka haƙura ka sayi na waje. In za ka buga auduga da rinin nan mai kama zare, sayi aljinet, ko gyararren garin da aka rubuta ƙarara cewa an yi shi don irin wannan rini. A kilo ɗaya na ƙullu akan sa yuriya wajen giram 100 don ta riƙe danshi, da bikarbonat giram 20 zuwa 25, a buga, a shanya, a turara wajen minti 10, sannan a wanke da ruwan sanyi kafin na zafi. Ka kula da ruwan da kake kwaɓawa da shi, domin aljinet yana yin gudaji a ruwan rijiya mai nauyi. Tara ruwan sama in ka samu. In kuma rigunan 'yan makaranta da na 'yan ƙwallo za ka buga, irin aikin masu serigrafi, launinsu ba rini ba ne, garin launi ne da ake manna wa yadi da wani danƙon roba, a gasa da zafi, ba a wankewa bayan bugu. Ka sa ƙaro a ciki, riga za ta yi tauri, wankin farko kuma ya tafi da rubutun. Nan ba wurinsa ba ne sam.

Ga kuma inda ƙaronmu zai yi maka aiki, har ya ba ka abin da turmin kanti ba shi da shi. A yankin Kutch na Indiya akwai masu buga wani yadi da ake kira ajrak, da hatimin itace, da hannu. Farin layin da ke jikinsa, haɗin ƙaro ne da farar ƙasa ake bugawa, ya bushe, a tsoma yadin a baba, inda haɗin ya rufe rini ba ya shiga, a wanke ya fito fari. Ƙaron da suka saba amfani da shi na itacen da suke kira babul ne, wato bagaruwarmu. Baƙinsu kuwa tsohon ƙarfe ne da mazarƙwaila ake jiƙawa su ruɓa, a kaɗa ruwan da garin ƙwallon tsamiya ya yi kauri, a buga a yadin da aka riga aka jiƙa da ruwan wani ɗan itace mai bauri. Girgizar ƙasa ta 2001 ta rushe musu gari, suka kafa sabo mai suna Ajrakhpur, yau kayansu har Turai da Amurka. Kusa da mu, marinan Abeokuta da Ibadan da ƙullun rogo suke rufe yadi, ta cikin faifan ƙarfe da aka huda ko da gashin kaza, kafin su tsoma a baba. A Ntonso kusa da Kumasi, da ɓallin ƙwarya ake sassaƙa hatimi. Marinan Bamako kuma, bayan sun rina shadda, a ruwan ƙaro suke tsoma ta kafin ta je wajen mabuga, shi ke ba ta tsayuwa da ƙyalli.

Duba jerin kayan nan da kyau: bagaruwa, tsamiya, baba, farar ƙasa, tsohon ƙarfe, mazarƙwaila, rogo, ƙwarya. Wanne ne babu tsakanin Zermu da Mirya da Gidimuni? Baƙin da mutanen Kutch ke haɗawa, dukawan Damagaram sun daɗe suna yin irinsa, shi ne kuloko da suke zana fatar da aka jeme da bagaruwa. Je ka durƙusa gaban tsohon baduku ka tambaye shi yadda yake haɗawa, ka kai masa goro, kada ka je masa da takardar digiri. Zanen da za ka sassaƙa a hatimi ma ba sai ka kwaikwayi furannin Holan ba. Zaga cikin Birni da Zango ka ɗaga kai ka dubi adon da magina suka yi a fuskar tsofaffin gidaje. Ba za ka iya gasar araha da turmin da injin Sin ya buga dubu a yini ba. Abin da za ka iya shi ne ka fitar da yadin da duk wanda ya gani zai ce wannan na Damagaram ne.

Kuma wannan aikin ba ya buƙatar ƙaro mai lamba ɗaya. Ɓarɓashin da ya rage bayan tsinta, da ƙaron dushe, da na bagaruwa, duk sun isa. Ƙwallon tsamiya da ake zubarwa bayan an jiƙa ta don kunu, soya shi sama-sama, ka ɓare jan ɓawon, ka daka farin, ka tankaɗe, ka dafa shi da ruwa har ya yi yauƙi. A Indiya masana'antu ne ke yin haka, kuma gyararrensa ne ake buga yadin poliyesta da shi. Tafasa ma, da ke rufe mana fili da saukar damina, mu ganyenta kaɗai muka sani a kwaɗo. 'Ya'yanta suna da gari dangin na guwar, 'yan kasuwa a arewacin Najeriya suna saye da buhu suna turawa Asiya, a can a fitar da garin a gyara shi. A 2012, da masu haƙar mai a Amurka suka yi wa guwar rubdugu farashinsa ya ninka sau da yawa, irin su garin tsamiya da na tafasa masu buga yadi suka koma nema. Abin da muke takawa a hanyar gona, wani na can yana jiran jirginsa.

Yanzu ga gyaran da ke hannunmu, wanda ba ya son inji ko sinadari, kuma shi muka fi sakaci da shi. Yawancin ƙaronmu tsintuwa ce, abin da itace ya fitar don kansa, makiyaya da mata da yara su tara. A Kordofan ta Sudan tsaga itacen ake yi da lissafi. Dakwara takan fara bayarwa tana shekara 4 zuwa 5. Bayan ɗaukewar ruwa, idan ganye ya fara ja yana zuba, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai a ɗaye ɓawon reshe, faɗin yatsa biyu, tsawon taƙi guda, ba tare da an ji wa itacen ciki rauni ba. Bayan kamar kwana 40 a yi tsinkar farko, daga nan duk mako biyu. A tsinka da hannu daga jikin reshe, kada a kakkaɓo shi ƙasa ya kwashi rairayi. A shanya a inuwa a kan tabarma. A zuba a buhu mai tsabta da iska ke ratsawa, ba wanda aka ci taki ko maganin ƙwari da shi ba. Sannan a zauna a tsince. Na dakwara dunƙulalle ne, mai tauri, garai-garai, in ka ɗaga shi a rana haske na ratsa shi. Na dushe mai gautsi ne, da ka matsa ya marmashe. 'Yan kasuwar Najeriya lamba uku suke kasa ƙaro, dakwara ce ta ɗaya, dushe ta biyu, sauran ta uku, kuma buhun da aka gauraya da kuɗin na ƙasa ake sayensa. Idan ka koya wa matan da ke kawo maka wannan tsinta, ka biya su bambancin, kai da su duk kun ƙaru: mai kyau ya tafi kasuwar abinci da darajarsa, ɓarɓashi ya zauna a shagonka.

A cikin shago kuma, kayan aikinka na farko ma'auni ne da littafi. Kada ka yi aiki da "ɗan kaɗan" da "kamar haka". Auna ƙaro, auna ruwa daidai nauyinsa, jiƙa ya kwana, ka motsa, ka bar ƙasa ta kwanta, ka tace da ƙyalle mai laushi. Ɗebo da cokali ka ɗaga: in ya zubo zare ɗaya ba yankewa kamar zuma, ya yi. Buga a ƙyalle, kada ka fara da yadin mai kaya. Ka sa siririn layi da faffaɗan fure a gwaji ɗaya, domin wani ƙullun yana fitar da layi amma ya yi dabbare-dabbare a fili. Ka duba bayan ƙyallen ka ga iya inda ya ratsa. Shanya, rina ko turara, wanke, ka murza a tafin hannu ka ji ko ya yi tauri. Yanki rabi ka aje a rana mako guda, ka gwada shi da rabin da ke ɗaki. Manna kowane ƙyalle a littafi, ka rubuta awonsa da ranarsa a gefe. Kada ka kwaɓa fiye da abin da za ka ƙarar, domin a zafin bazara ƙullun ƙaro ko na tsamiya kwana biyu ya isa ya yi tsami ya tsinke.

Kada ka manta garin da kake. Kowa ya san abin da ruwa yake a Damagaram, ka ga layin jarkoki da idonka. Bugun yadi mai cin ruwa ne, kuma akasarinsa a wanki yake tafiya, saboda haka abin kaurin da ke fita da wuri ya fi maka araha ko da kuɗinsa ya ɗara. Ruwan da ka gama da shi, mai soda da launi, kada ya bi lungu, kada ya gangara tabkin da dabbobi ke sha. Haƙa masa rami nesa da rijiya, ka bar shi ya kwanta. Yaran da za ka ɗauka aiki, saya musu safar hannu kafin ka saya wa kanka allon talla. Haƙƙin maƙwabci da na ɗan aiki yana gaba da riba.

Sai gaskiya da mai saye. In launi na ɗan lokaci ne, faɗa masa. In baba ce za ta ɗan zuba a wankin farko, faɗa masa yadda zai wanke. Akwai masu cika yadi da ƙaro da sitaci don ya yi nauyi a hannu, mai saye ya kai gida ya wanke ya tarar da tsumma. Wannan algus ne, kuma mace ɗaya da aka yi wa haka ta isa ta rufe maka ƙofar unguwa guda. Ƙaro a yi ado da shi, kada a ɓoye aibi da shi.

Abu na ƙarshe, itacen. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun nuna wa duniya abin da sassabin zamani zai iya, sun bar gawo ya dawo gonaki ba tare da sun dasa ba. Abin da aka yi wa gawo ana iya yi wa dakwara. Tana jure fari, tana gyara ƙasa, tana yin shinge, awaki na cin ganyenta. Gonar kakanka da ke nan tana da su a gefen gabas, na hana a sare. In ka zo hutun kaka, zo da ma'auninka da littafinka, mu zaga tare, mu tsaga 'yan rassa, mu tara maka ƙwallon tsamiya da 'ya'yan tafasa. Fara da abin da hannunka zai iya, sayi na waje inda ya zama dole ba tare da jin kunya ba, sauran kuma ka bar wa ɗakin gwaji. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'ar albarka, ya tsare ka da haram. Ka gai da mutanen gida.

Kawunka, daga Zermu.